Salansar da Ta Tashi Ƙauye

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da yayana, a tsohuwar motarsa da ta girmi aurensa. Ta'aziyya za mu yi a Goronyo, mu biyo ta Rabah mu gaida gwaggonmu. A Wurno muka karya da kunu da ƙosai, ga buhunan albasa jibge a bakin titi, ta yi arahar da manomi ba ya son a tambaye shi kuɗinta. A Goronyo kuwa aka cika mu da soyayyen kifin dam, har na so in manta gaisuwar mutuwa ce ta kawo mu.

A dawowa, da muka saki kwalta muka kama burji zuwa Rabah, motar ta fara tari. In ya taka totur sai ta yi jijjiga, ta tirje kamar jakin da ya ga rafi. Na ce mu tsaya mu duba, ya ce ya san halin kayarsa. Muna dab da wani ƙauye salansa ta buga, tau! kamar harbin bindiga. Ta sake, ta kuma sakewa. Ni da ke cikin motar ma sai da na sunkuyar da kai.

Muka gangara cikin garin da rana tsaka, ba kowa. Tukunya na tafasa a kan murhu. Ga turmi da gero a ciki, taɓarya yashe a ƙasa, takalma warwatse a ƙofar masallaci. Can bayan gari injin ban-ruwa na ta aiki shi kaɗai. Wallahi na ji tsoron da ban taɓa ji ba.

A gindin wata bishiyar dogon yaro muka ga tsoho makaho zaune kan buzu, yana jan tasbaha. Muka yi masa sallama.

"Mi kunka zo ɗauka?" in ji shi.

Yayana ya durƙusa ya ce, "Baba, matafiya ne. Motarmu ce ta yi wannan ƙarar."

"Mota? To ku ji. Mun ɗauka ɓarayin daji na sunka shigo. Mata da yara sun shige daji, samari sun tahi ɗauko bindigogi. In sunka sake jin wagga ƙara, ba su tsayawa tambaya."

Ga shi ba a gano ciwon sai injin yana aiki. Yayana ya buɗe bonet ya tada motar a hankali, ya naɗe hannunsa da tsumma, yana zare wayoyin filogi ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ya zare sai injin ya ƙara rawa, ni kuma ina jiran bugun da zai jawo mana harsashi. Da ya zare ta ƙarshe, sautin bai canja ba. Ya kashe motar ya kwance filogin, ga shi baƙi ƙirin, jiƙe da fetur. Wayar ce ta tsage, wuta ba ta isa, ɗanyen mai yana wucewa salansa ya fashe a can. Ya kankare filogin, ya naɗe wayar da robar tsohon tub ɗin taya.

Yana tada ta, ta ɗauka sumul. A daidai lokacin na hango kawuna da bakin bindigogi ta bayan rumbuna. Tsohon ya ɗaga murya: "Baƙi na! Mota ta! Kowa shi aje!" Suka fito a hankali, ba wanda ya yi dariya.

Kafin mu wuce na tambaye shi, "Baba, yaya aka yi suka gudu suka bar ka?"

Ya ce, "Haka munka shirya tun bara. Wanda bai iya gudu, ba a tsayawa ɗaukar shi. Yau dai na ga ɗiyana sun ji magana."

Mun gaida gwaggo a tsaitsaye, muka iso gida kafin magariba. Abin da na koya shi ne, a wannan yankin ba a shiga ƙauye da mota mai tari. Mu waya guda muka gyara. Shi kuwa tsohon, da daren nan zai ci tuwo tare da 'ya'yan da ya tabbatar za su iya barinsa.