Ranar da Robo Ya Ƙi Sara: Tunawa da Babana Idi Mai Gawo

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai mahaifina, Malam Idi, makwancinsa a Korgom. Allah ya jiƙansa da rahama. Abin da ya sa na ɗauki biro bana shi ne, makon jiya na tarar da 'ya'yana a gidanmu na Tasawa sun haɗa kai a kan waya suna kallon desan anime, wato fim na zane mai motsi. Ina leƙawa na ga robo, wato mutum-mutumin ƙarfe, sai zuciyata ta koma ga wata rana, shekara biyu kafin rasuwarsa.

Baba manomi ne, kuma a garinmu an daɗe ana yi masa dariya. Idan lokacin sassabe ya zo, kowa na share gonarsa tas, shi kuwa sai ya bi tohon gawo da na kalgo ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi mai ƙarfi ya bar shi, ya rage na gefe. Daga nan aka laƙaba masa Mai Gawo, kuma ba don yabo ba. Wanda ya fi jin zafin abin ƙanensa ne, Baba Sani, domin gonar gado ce, tare suke noma ta. Cewa yake itatuwan na tara tsuntsaye, suna cinye hatsi. A waccan shekarar ya rantse sai ya sare su, ko kuma a raba gona. Har sun daina cin tuwo a kwano ɗaya.

Ana cikin haka wani sabon mushe, wato malamin boko, ya ce zai nuna fim a lakwal, makarantar garinmu, ranar Asabar da hantsi, yara su zo da iyayensu. Aka toshe tagogi da tabarmi. Ni na ja Baba, yana ta cewa wasan yara ne. Fim ɗin da Faransanci yake, mushe na fassarawa. Labarin wani robo ne da aka ƙera don sarar daji. Ya sare, ya sare, har ƙasa ta zama fako, rijiyoyi suka ƙafe. Da ya iso kan wata 'yar itaciya guda da ta rage, sai ya ajiye gatarin hannunsa, ya tsaya gabanta, masu shi suna ta ba shi umarni ya ƙi motsi.

Ban taɓa ganin aji ya rikice haka ba. Mata na dariyar yadda yake tafiya kamar mai ciwon gwiwa. Yara na ihu kar a kashe shi. Wata tsohuwa ta ce a'uzu billahi, ƙarfe da idanu. Can daga baya wani makiyayi, Jauro Bello, wanda shanunsa suka sha cin 'ya'yan gawon gonarmu a rani, ya miƙe ya ce da ƙarfi, "Wanga ai Idi Mai Gawo ne!" Aka kwashe da dariya, amma ba irin wadda muka saba ji ba. Wani ya fara tafi, sai aji duka ya ɗauka, kowa ya juyo yana kallon Baba. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Baba Sani ya tashi ya fita. A hanyar gida abin da Baba ya ce kawai shi ne, "Hadiza, sai da ƙarfe ya faɗa musu suka ji?"

Ba zan ce fim ya gyara garinmu ba. Wasu sun ci gaba da sassabensu yadda suka gada. Amma gonar ba a raba ta ba, kuma damina ta gaba maƙwabta uku suka zo Baba ya nuna musu yadda ake zaɓen toho.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Zai ji daɗin ganin hanyar Maijirgi da inuwa a gonakin da muka sani fayau. Zai ɓata rai da ledar da ta maƙale a kowace ƙaya, awaki na ci suna mutuwa. Jikokinsa kuwa, da suke kuka idan robo ya ji ciwo amma ba su san kalgo da sabara ba, na san ni zai yi wa faɗa, ba su ba. Kuma da gaskiyarsa.

Bai bar mana shanu ba, bai bar gidan siminti ba. Kakar bara na je gonar, na tarar da Baba Sani, ya tsufa ƙwarai, yana duƙe da 'yar wuƙa a gindin wani toho. Ya gaya mini da sanda ya kori masu neman itacen sayarwa har sau biyu. Na tsokane shi na ce, "Baba, ashe fim ya kama ka." Bai ɗago ba. Ya ce, "Ni har gobe ban yarda ƙarfe na da hankali ba. Yayana ne ke da shi, ni na makara ban gane ba."