Kore da Ja a Wayar Malam Labaran

Malam Labaran na Unguwar Shanu ya yi aikin gwamnati har ya gaji, bai taɓa rikicewa a kan takarda ba. Sai da ya yi ritaya wayar hannu ta zo ta birkita masa kai.

Da garatutinsa ya fito, 'yarsa Yasmin, ma'aikaciyar banki, ta saya masa hannun jari, ta sa masa wata manhaja a waya mai nuna yadda jarin ke hawa da sauka. Ta ce in ya ga kore an ci riba, in ya ga ja an faɗi. Ɗan abin da ya rage kuwa aka ajiye a gida don sayen kwanon rufi, saboda ɗakin matarsa Bara'atu ya daɗe yana yoyo, ga damina ta kusa.

Malam mutum ne mai godiya. Ranar da ya fara ganin kore, ya zari kuɗi daga ajiyar kwano ya sayi waina, aka raba a ƙofar masallaci. Kwana kaɗan wayar ta yi ja wur. Ya sake zara ya yi sadaka don Allah ya tsare. Haka dai aka yi ta yi: kore sadaka, ja sadaka. Mai waina har ta fara tambayarsa yau wace kala ce.

Da Yasmin ta zo gaishe su ta ji labari, sai ta riƙe baki.

"Baba, ai wannan ribar ba ta zama taka ba sai ka sayar."

"To ta wa ce?"

"Ba ta kowa ba ce tukuna. Asarar ma haka."

"Wato ban samu ba, ban kuma rasa ba? To ni me nake kallo kullum?"

Ta ce ya sayar da kaɗan a yi rufi. Nan ma aka maƙale. In kore ne, yana tsoron ya sayar gobe ya ƙara hawa. In ja ne, ya ce shi ba zai kira asara cikin gidansa da hannunsa ba. Wallahi abin tausayi, dattijo ya zauna bakin gado yana ta jujjuya waya, ya rasa farin ciki zai yi ko jimami. Ajiyar kwano kuwa ta ƙare ƙaf, kafintan da zai yi rufin ya gaji da zuwa.

Ruwan farko ya sauko da la'asar. Bara'atu ta jera bokiti da robobi a tsakar ɗaki, ta naɗe katifa ta jingine. Sai ga Malam ya shigo da sauri, fuska a washe, yana miƙa mata waya.

"Bara'atu, duba! Ribar yau kaɗai ta isa a rufe gidan nan duka."

Ta dubi wayar, ta ɗaga kai ta dubi inda ruwa ke ɗiga a kafaɗarsa.

"Madalla, Malam. To matsar da ita gefe, kada ta jiƙe."