Inna Kulu da Madarar Gwangwani

Duk wanda ya san Inna Kulu a Gummi ya san ba ta yi wa maijego barka sai ta shinshina bakin jariri. In nonon uwa ta ji, sai guɗa. In kuwa madarar gwangwani ce, uwar yaro ta shiga uku!

"Saniyar da ba ki san garkenta ba, ita za ta shayar miki da ɗa?"

Har da rediyo faɗa take yi. Wata rana wani malamin lafiya yana bayanin amfanin nonon uwa, ta murɗe rediyon ta ce, "Namiji na hwa! Yaushe yas shayar?" Alhali maganarta ce ta kullum yake maimaitawa.

Ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, don haka da na haihu a Bukkuyum, gidanta aka kawo ni wankan jego. Sai ruwan nono ya ƙi zuwa. Na sha kunun kanwa har na tsani ganin ludayi, shiru. Jaririna ya yi kuka har muryarsa ta dishe, maɗigarsa ta fara faɗawa. Wallahi na tsorata. Ma'aikaciyar asibiti ta ce a haɗa masa da madara, in ci gaba da sa shi a nono. Maigidana ya sayo, ya ajiye a zaure, ya hau babur ya gudu, wai ana nemansa a Anka.

Inna ta harari gwangwanin nan kamar ɓarawon da aka kama a rumbu.

"Ba ta shiga bakin jikana sai an gwada ta!"

Gwajin mutanen dauri take nufi: a tatsi nonon maijego a ƙoƙo a jefa tururuwa, in ta mutu, nonon bai da kyau. Ta dama madarar, ta jefa tururuwa, muka zuba ido. Tururuwa ta yi iyo ta fito, ta tafi ta dawo da danginta.

"Kai, makwaɗaita! To, ba ta kisa."

Da hannunta ta tafasa ruwa, ta ɗauraye kofi, ta riƙa ɗiga masa da cokali. Yaro ya sha, ya yi gyatsa, ya yi barci. Maƙwabta suka taru yi mata tsiya: "Inna, yau ke da gwangwani?" Ta ce, "Wagga ba irin taku ba ta, an gwada ta!" Da nono ya zo daga baya kuwa, ita ta shanye ragowar a shayi, wai kada a yi asara.

Amma ranar farkon, bayan an watse, ta rungume jaririn ta ce da ni a hankali, "Ɗiyata, gara duk Gummi ta yi man dariya da in rasa shi."

Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka makwancinta, ya shayar da ita ruwan Alkausara. Amin.