Sunayen da Rabi ta raɗa mana

Shekara tara ke nan da rasuwar 'yata Rabi. Lokacin babbar damina ce, shekarar da ruwa ya ƙi ɗaukewa a unguwarmu Briqueterie, jan taɓo har cikin ɗaki, kowa da tari. Zazzaɓi ya ɗauke ta tana da shekara goma sha tara.

Rabi ba ta ji, ba ta magana. Tana ƙarama likita ya faɗa mana sunan abin da Faransanci, mu kuma muka ce kurma. Daga ranar, duk baƙon da ya shigo sai a ce masa, "Kurma ce." Sai ya ce Allah sarki, ya kau da kai. Kalmar ta riga ta gama masa kallon.

Ita kuwa ba ta san sunan kowa ba, sai abin da idonta ya gani. Mahaifinta tela ne, alamarsa a wurinta cizon zare. Maƙwabciyarmu Maman Solange, hannu a baki, don tana ɓoye giɓinta in tana dariya. Matar takan ce, "Hajiya, 'yarki ta tona min asiri a kartiye, duk unguwa ta sani!" Ruwan sama ma ba ɗaya ba ne a wurin Rabi. Wanda ke tayar da ƙamshin ƙasa alamarsa daban, wanda ke cika kwata ya shigo gida daban. Ni duk ruwa nake ce musu.

Da na shiga ajin yaƙi da jahilci na fahimci wani abu. Kafin in iya karatu, allunan shaguna zane ne, ina ganin launinsu da tsatsarsu. Da na iya, sai idona ya riƙa tsallake allon ya faɗa kan rubutun. Na samu, na kuma rasa.

Kwanaki a unguwar Tsinga na ga 'yan mata biyu kurame suna hira da wata ta bidiyon waya, hannuwa na tashi kamar tantabaru, suna ta dariya. An ce a lekol, wato makaranta, suka koya. Na tsaya ina tunanin Rabi. Da ta samu wannan, da ta gaya min inda ke mata ciwo a makon ƙarshe, ba nuna kai da ciki kawai ba. Wannan ba na musunsa. Amma shin da za ta ci gaba da ganin ruwa iri-iri? Ban sani ba.

Abin da ke damuna yanzu, alamunta suna zubewa daga hannuna. Mahaifinta ya rasu, saura ni da ƙanenta Sani muka san su. Jiya jikata ta ce, "Kaka, ke yaya Goggo Rabi take kiranki?" Na ɗaga hannu, ya tsaya a sama. Ashe ban taɓa gani ba. In tana nemana, taɓa ni kawai take yi.

Da safe na hau moto, wato babur ɗin haya, zuwa shagon ɗinkin Sani a unguwar Nkomkana, na tambaye shi.

Ya ce, "Haba Inna, ba ki sani ba?"

Ya ajiye almakashi, ya kai hannu bakinsa kamar mai riƙe da cokali, ya hura a hankali sau biyu, ya miƙo min.

Na ce ya sake. Ya sake, ni ma ina binsa, har hannuna ya riƙe.