Shekarar da Na Kankare Kaushina

Ni dai tun ina budurwa diddigena yake da kaushi da faso. In na juya a kan tabarma sai ka ji ƙarar-ƙarar kamar ɓera na cin kara. Ban taɓa damuwa ba, don duk matan unguwarmu a Matameye haka muke, daga rijiya sai gona, babu mai takalmi.

Maigidana ne ya ja mini. Lokacin Faransawa suna nan, saura 'yan shekaru su tattara nasu ya nasu, kuma shi kowace shekara da an kai gyaɗa sikeli sai ya tafi Kano cin rani, yana dako. Wata dawowa na ji shi a tsakar gida yana ba ƙannensa labari, wai matan birni ba sa shiga rana, fatarsu kamar dafaffen ƙwai da aka ɓare. Ba da ni yake ba, amma a kunnena ya faɗa. Ni kuwa ina da riƙo, Allah Ya sani. Da ya koma rani na gaba, na ƙudura a raina cewa in ya dawo, ko sau ɗaya ne sai ya gan ni sumul.

A bayan kasuwa akwai wata Hajiya, Babarbariya 'yar Damagaram, wadda ta yi hajji ta ƙasa, ta daɗe a Sudan, ta dawo da sanin dilka, wato gyaran fata irin na matan can. Ta dubi fuskata da rana ta ƙona, ta dubi tabon mai a hannuwana na suyar ƙuli-ƙuli, sannan ta sauke ido ƙasa ta yi salati.

"'Yar nan, wannan ƙafa ce ko kofato?"

"Hajiya, abin da ya kawo ni ke nan."

Ta kwaɓa garin dawa da kurkum da lemun tsami da man gyaɗa, ta turara shi har ƙamshi ya kama. Kullum da hantsi sai ta lafta mini, ta bari ya sha iska, ta murje da tafin hannu, tsohuwar fata na zuba kamar dusa. Ƙafa kuwa sai an jiƙa a ruwan ɗumi, ta bi ta da dutse tana gurzawa tana yi mini tsiya. Sharaɗinta ɗaya: ba shiga rana, ba taka ƙasa mai zafi, sai sabuwar fata ta yi ƙwari. Inna, uwar mijina, ta nemo mai ɗebo mana ruwa, tana cewa, "Bari mu ga ƙarshen wannan sarauta."

Kuma wallahi abin ya yi kyau. Sai in zauna a ɗaki ina shafa diddigena ina murmushi ni kaɗai. Wani direban kamiyo, wato babbar motar kaya, ya kawo saƙo cewa Maigida na tafe bayan kasuwa mai zuwa. Na ce to, shi ke nan, na gama da shi.

Sai ruwa ya sauko. Da la'asar hadari ya taso daga gabas, tun kafin lokacin da kowa ya zata, aka yi ruwa mai yawa, irin wanda ake shuka da shi. Ruwan shuka kuwa ba ya jiran wanda ke Kano. Da gari ya waye na ji Baba, surukina, yana ɗaukar sungumi. Shi zai sare rami, amma dole wani ya bi bayansa yana zuba iri yana rufewa da diddige, kuma gwiwoyin Inna sun daɗe da ƙin wannan aiki. Babu wanda ya ce mini komai. Na zauna a bakin gado ina jin haushin ruwan, da na Kano, da na kaina. Daga nan na ja tsaki, na ɗauki ƙwaryar gero na bi tsohon.

Da farko lafiya lau, rairayi da sanyi. Da rana ta ɗaga sai na gane abin da na yi. Ashe kaushin nan shi ne takalmina, na kai aka kankare. Ƙarangiyar da nake takawa ban ma sani ba, ranar kowace ɗaya sai da na ji ta har ƙwaƙwalwa. Ina zuba iri ina ɗingishi ina tsalle, matan gonar maƙwabta suna riƙe ciki.

"Sannu, matar birni! A kawo miki jaki?"

Na ce su ji da gonarsu. Ni ma dariyar nake yi, hawaye na zuba. Ba mu bar gonar nan ba sai da muka kai ƙarshenta.

Ƙafafuna suka yi bororo, fuskata ta yi dabbare-dabbare kamar zabuwa. Hajiya ta zo ta gani, ta tafa hannu, ta ce a jiƙa mini bagaruwa, wadda majema ke jeme fata da ita, in riƙa tsoma ƙafa ko ta yi tauri.

A haka Maigida ya same ni, zaune a ƙofar ɗaki, ƙafa cikin ƙwarya. Na ja mayafi na rufe fuska, kunya da takaici suka taru mini, na fashe da kuka na gaske. Sai da ya gama gaisawa da iyayensa sannan ya zo ya tsuguna.

"Tun a Ɗan Barto, kan iyaka, na ga ƙasa jiƙe, gabana ya faɗi," in ji shi. "Na ce bana mun rasa shukar fari. Ban shigo gari ba, na sauka na bi ta gona. Gero ya tsiro. Kowane rami da shatin diddigenki a kai."

Inna ce ta ba shi labarin dilkar, tana yi tana dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya karɓi man kaɗanya a hannunta, ya ciro ƙafata daga ƙwaryar ya ɗora a cinyarsa, a gaban uwarsa, abin da bai taɓa yi ba. Tafin hannunsa duk kanta ce ta dakon buhuna, yana shafawa ina jin zafi har raina, amma ban ce ya bari ba.