Goron da Na Jefa a Injin Jif

Ban taɓa mallakar mota ba. Gara in faɗi wannan tun da wuri, domin na shafe shekaru ni ne alƙalin motoci a majalisarmu ta gindin maina a Kazaure, kuma babu wanda ya taɓa ganin rashin motar tawa a matsayin cikas. Babur gare ni, shi ma sai na tura shi gangara da safe kafin ya yarda ya tashi. Amma da zarar an sallame la'asar an shimfiɗa tabarma, wani ya ciro waya ya nuno hoton sabuwar motar da aka fitar bana, ni ake miƙa wa. In karɓa, in ɗan nisanta ta da idona, in taɓe baki, in yanke hukunci. Masu ƙera motocin suna can wata uwa duniya suna ta fama, ba su san an riga an gama da su a gindin bishiya ba.

Hukuncina kullum ɗaya ne: an lalata mota. A da idan aka ce jif, to fulogi takwas ake nufi, in an yi rowa shida, injin da idan aka tayar da shi sai kajin unguwa sun watse. Yanzu kuwa sai su ƙera gangar jiki kamar ɗakin amarya, su ɗauko ɗan inji mai fulogi huɗu, wani ma uku, su liƙa masa wata 'yar na'ura wai ita turbo, wai tana hura masa iska yana yin ƙarfin babba.

"Iska fa!" nakan ce. "Wato kana jin yunwa sai a hura maka iska ka ƙoshi? Wannan ai injin markaɗe ne aka ɗinka wa babbar riga."

A yi ta dariya, mai shayi ya ƙara mini rabin kofi kyauta. Da haka na zama masani.

Ina da gwajina ma, gwajin goro. A buɗe bonet, a cire murfin robar da suke rufe inji da shi don ɓoye abin kunya, in saki ƙwayar goro daga sama. Idan ya ratsa ya faɗi ƙasa, to injin bai cika gidansa ba, an cuci mai saye. Idan ya maƙale a ciki, mota ta amsa sunanta. Yau dai bari in tona wa kaina asiri. Ranar farko da na yi shi ba gwaji ba ne, goron ne ya suɓuce mini ina leƙa motar wani abokin aikinmu, na ga ya fito ta ƙasa, kunya ta sa na miƙe na ce, "Kun gani ko?" Kafin shekara ta zagayo, wani direba a Roni ya zaunar da ni yana koya mini gwajin, yana rantsuwa wajen tsofaffin direbobi ya gada. Ban musa masa ba, na ma yaba wa tsofaffin.

Duk wannan surutu ne da ba ya cin kowa, har sai da yayana ya yi ritaya.

Yaya hedimasta ne a ƙauyenmu, can gaba da Gwiwa, inda kwalta take ƙarewa a shiga burji, burjin ma ya gaji ya bar ka da yashi da kwazazzabai. Mahaifiyarmu, Inna, a gidansa take. Hawan jini ya kama ta, ga ciwon baya da gwiwoyi, kuma likita a Kazaure yana son ganinta sau ɗaya kowane wata. Yadda ake yi a lokacin, a ɗora ta a babur zuwa Gwiwa, a zauna jiran mota ta cika, in ba ranar kasuwa ba kuwa sai rana ta take. Duk zuwa ɗaya sai ta yi kwana uku a kwance. Da aka ba Yaya haƙƙinsa na sallama, bai yi maganar gyaran gida ba, bai yi maganar ƙarin gona ba. Ya kira ni a waya ya ce, "Mota nake so saboda Inna. Ba na son ta sake hawa babur. Kai ka san mota, ka zo ka raka ni."

Kai ka san mota. Wallahi har kaina sai da ya ƙara girma.

Muka nufi Babura, wajen wani dillali mai shigo da motoci 'yan Kwatano ta kan iyaka. Yaya ya taho da wani abokinsa bakanike daga Roni, dattijo mai furfura, mai ƙarancin magana, wanda baƙin mai ya riga ya zauna a faratansa. Tun a hanya na ƙi shi. Mutum ya yi shekara talatin a ƙarƙashin mota, amma ko hoton sabuwar fitowa ɗaya babu a wayarsa.

Jif biyu dillalin ya nuna mana a wani kango. Ɗaya ruwan toka, 'yar madaidaiciya, ba ta tsufa ba, fulogi huɗu da turbon nan da na tsana. Ɗayar baƙa wuluk, doguwa, gilashinta mai duhu, ta kwana biyu a duniya, fulogi takwas. Dillalin ya tayar da ita ya taka totur, ƙasa ta ɗauki rawa, ni ma zuciyata ta ɗauka.

Bakaniken ya zagaya su, ya shiga ƙarƙashin kowacce, ya fito yana karkaɗe riga. Ya ce wa Yaya, "Malam, ƙaramar nan ita ce taka. In dai za ka riƙa canza mata baƙin mai mai kyau a kan lokaci, ba ruwanka. Man da waccan za ta sha kafin ta fita daga gari, wannan za ta kai Inna asibiti da shi ta dawo."

Na yi dariya irin ta manyan masana. Na ce, "Baba, da girmanka? Yashin garinmu za a shiga da injin keken ɗinki? Ranar da turbon nan ya mutu, a ina za ku samo mai hura masa iska, ko maƙeri za ku kira da zugazugi?"

Dillalin ya tuntsire da dariya, don ya ga inda ribarsa take. Ya ce, "Alhaji ya san mota." Ban taɓa zuwa ko filin jirgi ba, amma na karɓi Alhajin ban mayar ba.

Na ciro goro biyu daga aljihu. Na saki na farko a injin ƙaramar, ya ratsa ya faɗi ƙasa tim, ya gangara wajen takalmin Yaya. Na saki na biyu a cikin baƙar. Muka ji ƙwas, sai shiru. Muka durƙusa mu duka muka leƙa, babu goro.

Bakaniken ya dube ni, ya dubi Yaya, ya ce, "Malam, motar hawa ka zo saye ko ma'ajiyar goro?"

Yaya ya dube ni. Mutum ne da ya shekara talatin da biyar yana gaya wa yara su girmama ilmi, ga kuma ƙaninsa na birni, ma'aikacin gwamnati, mai waya cike da hotuna. Ya ce, "To, tunda shi ya ce wannan, a ba mu wannan."

Ranar da muka shiga ƙauye da ita, har mata sun leƙo ta kan katanga. Dattawa suka zo suka dafa ta suna cewa Allah ya sa a kashe lafiya. Aka fito da Inna ta sa albarka. A nan aka gano abu na farko da gwajin goro bai faɗa mana ba: motar ta yi wa gwiwoyinta tsawo. Sai da aka ɗauko 'yar kujerar tsakar gida ta taka, mu biyu muka tallafe ta, sannan ta shiga. Kujerar nan ta zama cikin kayan mota, kullum tana baya kusa da safayar taya. Amma da Inna ta zauna ta jingina, sai ta shafa kujerar motar ta ce, "Kai, kamar mutum yana ɗakinsa." Ba ta kiran sunan Yaya, ɗan fari ne, sai ta dubi gefe ta ce, "Allah ya yi wa mai motar nan albarka." Yaya ya juya baya yana gyara madubin da ba abin da ya same shi. A makon ya kyautar da tsohon babur ɗinsa ga surukinsa, ya ce ya gama da shi.

Wata huɗu Inna tana zuwa Kazaure a jingine. Ni kuwa a majalisa ba a magana, na ba da labarin Babura ya fi sau ashirin, kowane karo bakaniken yana ƙara zama wawa.

Abin da ban lissafa ba, a ƙauye babbar mota ba ta mutum ɗaya ba ce. Ta'aziyya a Roni, a zo wajen Malam. Kai amarya Babura, a zo wajen Malam. Mace ta kasa haihuwa, wajen Malam. Da ƙaramar ce, da an ce ba za ta ɗauke mu ba, a nemi wata. Wannan kuwa tana cin mutum tara har da tabarminsu, kuma ba a taɓa jin wanda ya zo da galan ɗin mai a hannu ba, sai dai addu'a. Ga baƙin gilashi, duk mararrabar da ya bi sai matasa sun ɗaga hannu suna ranka ya daɗe, sun zaci an ba shi muƙami. Hedimasta mai jiran fansho ya riƙa sunkuyar da kai a bayan sitiyari kamar wanda ya yi sata.

Sai kuma man fetur ya yi tashin da kowa ya sani. Fulogi takwas ɗin nan da nake yi wa kirari, ashe baki takwas ne, kuma babu mai azumi a cikinsu. Yaya ya koma sayen galan ɗaya wajen 'yan bumburutu, a zuba, allurar tanki ko gezau. Ya fara ajiye motar sai ranar Inna kawai. Mutumin da ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba ya koyi ce wa maƙwabta mota ba ta da lafiya. Ita kuwa da ta ji ana yi mata fata, sai ta amsa. Wata safiya ta ƙi tashi gaba ɗaya.

Aka ɗauko bakaniken daga Roni, ni ma na je, don a ganina ba a taɓa motar ba tare da masani a wurin ba. Ya wuni a cikin injin. Ya ce abin da ya lalace babu shi a Kazaure, da wuya a Kano, sai an aika an nemo, kuma ko an samo, wani na biye da shi, domin motar ta gama aikinta tun a ƙasar da ta baro. Yana cikin kwance wani ƙarfe sai ya tsaya, ya zura yatsu biyu, ya zaro wani abu baƙi ƙanƙararre. Ya goge shi a rigarsa, ya miƙo mini a gaban Yaya.

"Ga ajiyarka," ya ce. "Ta riƙe maka amana."

Na karɓa na sa a aljihu. Da na koma majalisa na yi bayani mai gamsarwa: man yanzu gauraye ne, hanyoyinmu ba hanyoyi ba ne, kuma Yaya, Allah ya ba shi haƙuri, bai iya riƙon babbar mota ba. Kowa ya gyaɗa kai. Ni kaɗai na san abin da ke aljihuna.

Damina ta sauka, jif tana nan a ƙofar gida, tayoyinta sun fara nutsewa, awaki sun samu inuwa. Rannan Yaya ya kira ni. Bai yi dogon zance ba. Ya ce, "Gobe ranar Inna ce. Ka zo da babur ɗinka da sassafe."

Na iso hantsi bai yi ba. Aka fito da Inna a hankali, muka wuce ta gefen motar, babu wanda ya kalle ta a cikinmu. Yaya ya buɗe bayanta ya ɗauko 'yar kujerar nan, ya ajiye a gefen babur, Inna ta taka ta hau. Hannunta ba ya iya riƙo sosai, sai ya warware rawaninsa ya zagaye mu da shi, ya ɗaure ta a bayana kamar yadda ta taɓa goya mu. Ya ƙulle shi tam. Na jira ya ce wani abu, ko da kalma ɗaya ce mai zafi, in samu abin da zan kare kaina da shi. Abin da ya ce kawai, "Ka bi a hankali wajen kwazazzabon nan."

Na bi a hankali, amma ruwa ya riga ya cinye hanyar. Duk ramin da muka faɗa ina jin numfashinta yana tsayawa a bayana, sannan ta sake shi a ɓoye, wai don kada in ji. Sau biyu na tsaya ta huta, ta ce mu tafi kada likita ya tashi. Ban taɓa sanin nisan garinmu da Kazaure ba sai ranar, kuma ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

A ƙofar asibiti na kwance rawanin. Ta kasa sauka, sai da wata mata ta taimaka mini muka sauke ta a kan benci. Ta daɗe idonta a rufe. Da ta buɗe, ta kamo hannun rigata ta jawo ni kusa.

Ta ce, "Ɗan nan, in mun koma kada ka gaya wa yayanka na ji jiki. Ka ce lafiya lau muka zo. Kwanan nan ba ya cin abinci, gani yake shi ya yi kuskuren zaɓen motar nan. Kai da ka san mota, ka riƙa kwantar masa da hankali."

Na ce, "To, Inna."