Makunnin da Sale ya ɓoye

Shekara tara ke nan da muka binne Sale rewaya, kuma har yau akwai abin da ban gama yafe masa ba. Na san ba haka ake fara rubutu a kan mamaci ba. Ni karatuna bai yi nisa ba, yadda abin yake a raina haka zan faɗa.

Shekara ashirin da biyu muna rumfa ɗaya da shi a Ƙofar Na'isa muna aikin wayarin mota. Kwano ɗaya muke ci. Da ya rasu, Allah ya jiƙansa, aka zo rabon gado, motarsa ta faɗo a kason matarsa, Hajiya Rabi, da 'yarsu Zainab. Sai motar ta ƙi tashi. A murɗa makulli, fitilun gaban direba su kawo, amma ko ƙas ba ka ji. Otomatik ce kuma, ba a tura ta.

'Yan'uwansa suka ce mota ta bi mai ita, har sun yi magana da 'yan gwangwan za su zo ranar Juma'a su farfasa ta. Hajiya ta aiko mini cewa da wannan motar take so a riƙa kai Zainab makaranta, in taimaka. Kwana huɗu gare ni.

Na bi ta yadda muka saba. Batir lafiya, kawunansa ba tsatsa. Na kunna fitilun gaba na murɗa makulli, ba su dusashe ba, wato wuta ba ta ma kai ga kik, abin da ke juya inji, ba. Fis bai ƙone ba. Na cire rile, ɗan akwatin nan da makulli ke taɓawa shi kuma ya saki babbar wuta zuwa kik, na musanya shi da na hon. Hon ya yi ƙara, mota shiru. Na ba kik wuta kai tsaye, inji ya juya amma bai kama ba. Da na sa ƙwan gwaji a mazaunin rile, babbar ƙafa da wuta, ƙaramar da ke zuwa daga makulli babu.

Nan na gane hannun. Sale ya yanke wayar ya kai ta wani ɓoyayyen makunni saboda ɓarayi, irin wanda muke yi wa mutane. Ya naɗe ta cikin sauran wayoyi tsaf kamar daga kamfani. Ni da na shiga motar nan ba adadi, bai taɓa gaya mini ba.

Kwana biyu ina kwance a ƙarƙashin sitiyari, ƙannensa na tsaye a kaina suna cewa dama Sale ne mai aikin, ni Garba ɗan rakiya ne. Ranar Alhamis na tafi gidan Sale a Dukawuya na yi sallama a zaure. Hajiya na takaba, ta bayan labule muka gaisa. Ta ce ba ta san wani makunni ba. Na ce to ta faɗa mini duk abin da yake yi daga buɗe ƙofa har mota ta tashi. Ta lissafo: ya zauna, ya gyara hula, ya yi bisimilla. Sai ta ƙara da cewa:

"Sai kuma susar nan tasa, Malam Garba. Kullum sai ya sunkuya ya sosa ƙafar hagu. Har man shafawa na saya masa, ya ce ba ya so."

Ashe makunnin a ƙarƙashin kafet yake, gefen kujera ta hagu, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ya haɗa har da famfon mai a kansa, shi ya sa inji ya ƙi kamawa. Na danna, na murɗa, ta tashi. 'Yan gwangwan da suka zo washegari haka suka koma da kurarsu.

Yanzu sana'ar ta koma hannun masu kwamfuta. Mota ta ƙi tashi, su jona na'ura, su ce a sayo sabon kik, alhali wata waya ce ta saki. Ba mai haƙurin bin wuta daga makulli zuwa rile. Da Sale na nan ba zai yi musu faɗa ba, kallonsu zai yi ya yi shiru. Ni ne mai bakin, shi ya sa masu mota ba sa son rumfata.

Mutane na cewa ya bar suna mai kyau. Gaskiya ne, bai taɓa canza wa mutum abin da bai lalace ba. Amma mutum ne da bai yarda da kowa ba, har matar da ta haifa masa 'ya, har ni. Saura kwana ɗaya wannan halin nasa ya raba marainiyarsa da motar.

Da Hajiya ta fita takaba ta ce in cire makunnin kowa ya huta. Na ɗauko filaya, na ɗaga kafet, na daɗe ina kallon yadda ya naɗe wayar. Ban iya yankewa ba. Na kira ta da Zainab na nuna musu wurin, na sa kowacce ta danna da hannunta. Yau Zainab ce ke tuƙa motar zuwa wurin aikinta.